Shin Tsara Lokacin Addu'a da Azumi Komawa ne ga Shari'a?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya yi shekaru da karɓar baftisma, ba ya fashin sujada ranar Lahadi, amma yana ji a jikinsa cewa bangaskiyarsa tana nan inda take tun farko. Fastonsu ya ba shi shawara ya keɓe lokaci kullum domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kuma riƙa yin azumi jifa-jifa. Wani abokinsa kuwa ya ce masa wannan komawa ne ga shari'a, domin ta wurin alheri aka cece mu, saboda haka ya jira har Ruhu ya motsa shi. Ya gwada shawarar faston na ɗan lokaci, bai ji wani canji ba, sai ya bari. Yana so ya san wanda ya fi gaskiya a cikin su biyun.

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Fastonka ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake tsoron da abokinka yake ji ba na banza ba ne, kuma zan zo kansa a gaba. Abin da ya rikita abokinka shi ne ya haɗa abubuwa biyu ya ɗaure su da igiya ɗaya, wato yin aiki domin a sayi tagomashin Allah, da kuma yin aiki domin an riga an sami wannan tagomashi kyauta. Na farkon ne Bulus ya yaƙa a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa. Na biyun kuwa shi Bulus ɗin ne da kansa ya fi kowa nanata shi.

Ka ɗauki ayoyin da abokinka ya dogara a kansu, Afisawa 2:8-9, inda aka ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, domin kada kowa ya yi fariya. Aya ta 10 tana biye nan take, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya shirya tun da wuri mu yi tafiya a cikinsu. A Filibiyawa 2:12-13 Bulus ya umarci masu bi su yi ta aikata cetonsu da tsoro da rawar jiki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne Allah ne yake aiki a cikinsu, yana ba su nufin da kuma ikon aikatawa. A wurinsa aikin Allah shi ne abin da yake sa ƙoƙarin mutum ya yi ma'ana, bai taɓa ɗaukarsa a matsayin hujjar naɗe hannu ba. Ya faɗi haka a kan kansa a 1 Korantiyawa 15:10, cewa ya fi sauran manzanni duka yin aiki, amma ba shi ba ne, alherin Allah ne da yake tare da shi. Da ya rubuta wa Timoti kuma, wanda yake matashi ne mai kula da ikilisiya a Afisa, ya ce masa ya hori kansa ga ibada, ya kwatanta wannan da horar da jiki, wanda yake da ɗan amfani, alhali ibada tana da amfani ta kowace fuska. Mutanen Koranti sun san wannan misali da idonsu, domin a kusa da birninsu ake yin manyan wasannin tsere da dambe duk bayan shekara biyu, kuma ladan wanda ya yi nasara rawani ne na ganye da yake bushewa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa Bulus ya ce musu a 1 Korantiyawa 9:24-27 in masu tsere suna hana kansu abubuwa domin irin wannan rawani, mai bi ya fi su dalilin kame kansa.

Idan akwai wanda za a ce ba ya bukatar tsari domin Ruhu yana tare da shi ba bisa awo ba, to, Ubangijinmu ne. Duk da haka Markus 1:35 ya nuna shi yana tashi da asussuba, tun da sauran duhu, ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, bayan ya wuni yana koyarwa ya kuma kai dare yana warkar da marasa lafiya a Kafarnahum. Luka ya ce yakan keɓe kansa a kai a kai, ya ce kuma ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba, ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi sha biyun. A Matiyu sura 6 ya yi magana a kan sadaka da addu'a da azumi, kuma a duka ukun ya ɗauka cewa almajiransa za su riƙa yinsu, abin da ya hana kawai shi ne a yi su domin idon mutane.

Ikilisiyar farko ta bi wannan sawu ba tare da gardama ba. Ayyukan Manzanni 2:42 ya ce sun lazimci koyarwar manzanni da zumunta da gutsuttsura gurasa da addu'o'i. Bitrus da Yahaya suna kan hanyarsu ta zuwa Haikali a lokacin addu'a na ƙarfe uku na yamma ne suka tarar da gurgun nan a bakin ƙofa, kuma Bitrus ya hau soro da tsakar rana domin yin addu'a ne a Yafa sa'ad da ya ga wahayin da ya kai shi gidan Karniliyus. Wannan ya kamata abokinka ya lura da shi: manyan motsin Ruhu guda biyu a littafin sun sami mutanen ne a tsakiyar abin da suka saba yi. Akwai kuma wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda masana suke sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, aka gano kwafinsa a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a 1873. A ciki an umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana, su kuma yi azumi ran Laraba da ran Juma'a. Har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna riƙe da azumin waɗannan ranaku biyu, babban azuminsu na gabanin Ista kuwa kwana 55 ne.

Na kawo wannan ne saboda wani abu da nake yawan ji a wajen 'yan'uwanmu da suke zaune tare da maƙwabta Musulmi. Wasu suna ganin cewa tsayar da lokacin addu'a da azumin da aka sa wa rana al'adar maƙwabtan ce, mu kuwa namu 'yanci ne, sai su mai da rashin tsari ya zama kamar alamar Kiristanci. Tarihi bai goyi bayansu ba. Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana a Babila, kuma sa'ad da aka kafa dokar hana addu'a, abin da ya yi shi ne ya ci gaba kamar yadda ya saba. Mai Zabura ya ambaci maraice da safiya da tsakar rana. Bambancin da yake akwai yana cikin yadda kowane addini ya fahimci matsayin waɗannan ayyuka a gaban Allah, amma ganin maƙwabcinka ya bar shagonsa a kan lokaci domin ibadarsa bai kamata ya zame maka dalilin sakaci da taka ba.

Gardamar da take tsakanin fastonka da abokinka an taɓa yinta kusan kalma da kalma a birnin Landan, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791, ya fara ne daga ɓangaren tsananin tsari. Tun wajen 1729 shi da ƙanensa Charles da wasu abokai a jami'ar Oxford suka kafa ƙaramin taro, suna karatun Littafi Mai Tsarki a kan lokaci, suna azumin Laraba da Juma'a, suna karɓar Jibin Ubangiji a kai a kai, suna ziyartar 'yan kurkuku. Sunan Metodis ma da ba'a 'yan'uwansu ɗalibai suka laƙaba musu shi saboda wannan bin tsari. Duk da haka Wesley bai sami kwanciyar rai ba. Ya tafi Jojiya a Amurka a 1735 domin aikin bishara, ya dawo Ingila a farkon 1738 da karyayyar zuciya. A ranar 24 ga Mayu na wannan shekara, a wani taro a titin Aldersgate, ana karanta gabatarwar da Martin Luther, Bajamushen da ya jagoranci gyaran ikilisiya, ya rubuta wa wasiƙar Romawa, sai ya sami tabbacin cewa ga Almasihu kaɗai ya dogara, kuma an ɗauke zunubansa. Har nan labarin yana goyon bayan abokinka, domin shekaru tara na horo ba su ba shi abin da ya samu kyauta a dare ɗaya ba.

Sai dai a ƙarshen 1739 wani matashi daga ƙungiyar Kiristoci da ake kira 'yan'uwan Morabiya, mai suna Philipp Molther, ya zo taron da Wesley yake ciki a titin Fetter Lane a Landan, ya fara koyar da cewa duk wanda bai sami cikakkiyar bangaskiya marar shakka ba ya tsaya cik. Kada ya je sujada, kada ya karɓi Jibin Ubangiji, kada ya yi azumi, kada ya dage da karatun Littafi Mai Tsarki ko addu'a, domin yana iya dogara ga waɗannan abubuwa maimakon Almasihu. Ya yi shiru kawai ya jira. Mutane da yawa suka karɓi koyarwar, domin tana da kamannin tawali'u, kuma ba ta da wahalar bi. Wesley, wanda ya fi kowa sanin haɗarin dogara ga ayyuka, ya ƙi ta ƙememe, har ya fice daga taron a watan Yuli na 1740. Hujjarsa ita ce addu'a da binciken Nassi da Jibin Ubangiji ba su da wani iko a karan kansu, ba su kuma jawo wa mai yinsu wani lada da zai bi Allah bashinsa, amma su ne hanyoyin da Allah da kansa ya sa, waɗanda ya saba bi ya kai alherinsa ga mutane. Ya kira su hanyoyin alheri. A ganinsa jiran Allah gaskiya ne, amma a cikin waɗannan hanyoyi ake jiransa. Ni ma a nan na tsaya, kuma ban ga yadda za a karanta Sabon Alkawari a kai ga wani matsayi dabam ba.

Wani abu ya biyo baya wanda yake da amfani gare ka. A watan Fabrairu na 1742 mabiyan Wesley a Bristol suna neman yadda za su biya bashin ɗakin taronsu, sai aka kasa su ƙungiya ƙungiya, kowace da mutum kamar goma sha biyu, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako, da shugaba mai zagayawa yana karɓa. Masu karɓar kuɗin suka fara ganin halin da mutane suke ciki a gidajensu: wannan ya koma shan giya, wancan yana rikici da matarsa, wata tana cikin rashi ba wanda ya sani. Daga nan tsarin ya juya ya zama taron mako mako, inda ake tambayar kowa yadda ransa yake tafiya, ya kuma amsa a gaban 'yan'uwansa. Masana tarihi da yawa suna ganin waɗannan ƙananan taro, fiye da wa'azin fili, su ne suka riƙe mutanen da suka tuba. Mu ma muna da irinsu a hannunmu, ko da ba mu ɗauke su da wannan nauyi ba. Zumuntar Mata, ƙungiyar Sabon Rai, taron addu'a na tsakiyar mako da na gida gida, duk suna iya yin wannan aiki, in dai ba su tsaya ga waƙa da karɓar gudummawa da sanarwa kaɗai ba. A tambayarka ban ga inda ka ambaci wani mutum da ya san ka fara, ko ya san ka bari ba, kuma ina zaton wannan yana cikin dalilan da suka sa abin ya mutu da wuri. Ibraniyawa 10:24-25 ya haɗa taruwa da zuga juna ga ƙauna da aikin kirki, Yakubu 5:16 kuma ya ce mu riƙa furta wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a.

Yanzu ga inda abokinka yake da gaskiya. Horo yana iya lalacewa, kuma in ya lalace ya fi sakaci muni, domin mai sakaci ya san ba shi da komai, mai taƙama da ibadarsa kuwa yana zaton ya cika. Bafarisiyen da ke Luka sura 18 bai yi ƙarya ba da ya ce yana azumi sau biyu a mako yana kuma ba da zakka daga duk abin da ya samu. Laifinsa shi ne ya kawo lissafin gaban Allah kamar mai neman a biya shi, ya kuma auna kansa da mai karɓar harajin da ke tsaye daga nesa. A Ishaya sura 58 mutane suna ƙorafi cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, aka amsa musu cewa a ranar azumin nasu suna zaluntar ma'aikatansu suna faɗa da juna, aka ce azumin da Allah yake so shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar wurin kwana cikin gida. Irin wannan lalacewa tana da sabuwar riga a zamaninmu. Ana shelar azumin kwana 21 ko 40 a farkon shekara, abin da ba shi da laifi a kansa, amma sai a sayar wa mutane da shi kamar ciniki, cewa in ka cika kwanakin dole aiki ya zo, dole aure ya zo, dole biza ta fito. Wanda ya cika bai samu ba yakan fita da ɗaya daga cikin biyu, ko ya zargi kansa da ƙarancin bangaskiya, ko ya yi fushi da Allah. Dawuda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa kwana bakwai yana roƙo domin ɗansa, yaron ya mutu, ya tashi ya yi wanka ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada. Da ya ɗauki azuminsa a matsayin farashin da ya biya, da bai iya yin wannan sujada ba.

Maganin wannan haɗari shi ne a gyara niyya, a kuma ɓoye abin da za a iya ɓoyewa, kamar yadda Ubangiji ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, mai azumi kuma ya wanke fuska ya shafa mai. Babu inda ya ce a daina.

Sauran maganar da ka yi ita ce ka gwada ba ka ji komai ba, kuma a ganina nan ne ainihin damuwarka take. Ka sani cewa wannan bushewa tsohuwar abokiyar tafiyar masu ibada ce. Sufayen hamadar Masar na ƙarni na 4, waɗanda suka bi sawun Antoniyo, ɗaya daga cikin na farko da suka keɓe kansu a hamada domin ibada, sun san ta sarai. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya siffanta ta dalla-dalla: takan zo wa mutum da hantsi zuwa bayan azahar, sai ya ga kamar rana ta tsaya ba ta motsi, ya riƙa leƙa taga yana duban ko lokacin cin abinci ya yi, ya tsani wurin da yake da aikin da yake yi, ya fara tunanin cewa a wani wuri dabam zai fi bauta wa Allah da kyau. Shawarar da suka bayar ba ta da armashi, ita ce mutum ya zauna inda yake, ya ci gaba da Zabura da aikin hannunsa har abin ya wuce. A zamaninmu wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna cewa ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa, alhali ba ta fasa addu'arta ta asuba ko hidimarta ga matalauta ba. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye wannan ba, domin Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu, kuma an bar ta a cikin littafin addu'ar mutanen Allah.

Saboda haka jin daɗi a lokacin addu'a ba shi ne ma'auni ba. Yana zuwa yana tafiya, kuma gajiya da yunwa da rashin barci da damuwar kuɗin makaranta duk suna taɓa shi. Ma'aunin da Bulus ya bayar a Galatiyawa 5:22-23 shi ne albarkar Ruhu, wato ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai, kuma yawancin waɗannan mutanen gidanka ne za su riga ka ganinsu. In kana so ka san ko kana girma, ka duba ko matarka tana samun sauƙin gaya maka gaskiya fiye da bara, ko yaron shagonka ya daina tsoron kawo maka kuskurensa, ko wanda ya ci bashinka ya ƙi biya ya rage cinye maka tunani. Irin wannan canji a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru, shi ya sa wanda ya gwada na 'yan makonni ya bari bai ba abin lokacin da zai nuna kansa ba.

Game da yadda za ka sake farawa, ban san wata shawara da ta fi wadda Luther ya rubuta wa wanzaminsa Bitrus a 1535 ba, kuma ka tuna Luther ne mutumin da ya fi kowa tsayawa a kan ceto ta wurin bangaskiya kaɗai. Ya ce masa addu'a ta zama aikinsa na farko da safe da na ƙarshe da dare, ya kuma yi hankali da tunanin nan mai cewa bari in gama wannan tukuna, zan yi addu'a nan da awa ɗaya, domin da haka ne ranar take wucewa. Ya tuna masa da sana'arsa, cewa wanzamin da yake aski hankalinsa yana wani wuri yana iya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro, addu'a ma haka take bukatar zuciya gaba ɗaya. Sa'an nan ya nuna masa yadda shi kansa yake yi: ya ɗauki aya ɗaya ko doka ɗaya, ya juya ta sau huɗu, ya fara da abin da take koya masa, ya yi godiya a kansa, ya furta inda ya kasa, sa'an nan ya roƙa. Ka gwada da roƙon nan na Addu'ar Ubangiji inda muke cewa a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Abin da yake koya maka shi ne kai ma mai bashi ne. Sai ka gode domin an yafe maka abin da ba za ka iya biya ba. Sai ka faɗi sunan mutumin da ka daina gaisawa da shi tun rikicin filin nan ko tun rabon gado, ka yarda cewa ka riƙe shi a zuciya. Sai ka roƙi ikon zuwa ka gaishe shi. Wannan ba zai ci maka fiye da minti goma ba, amma wanda ya yi shi da gaske ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Luther ya ƙara da cewa in a tsakiyar haka wani tunani mai kyau ya buɗe maka, ka bar sauran tsarin ka saurara, domin Ruhu Mai Tsarki ne yake wa'azi a nan. Ka ga ashe tsari da motsin Ruhu suna zama a ɗaki ɗaya.

Kada ka ɗora wa kanka kaya mai yawa a farko. Benedik, shugaban sufaye a Italiya, wanda ƙa'idarsa ta ƙarni na 6 ta sa sufaye su rera Zabura 150 duka a kowane mako, shi ne kuma ya ce addu'a ta zama gajera mai tsabta. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189, kuma wanda ya karanta uku kowace rana da biyar ran Lahadi zai gama shi cikin shekara, amma ban ba ka shawarar ka fara da wannan ba, domin da yawa sukan tashi da ƙarfi a Farawa su maƙale a Littafin Firistoci. Ka fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka haɗa da Zabura ɗaya kowace rana, ka karanta da murya a harshen da kake tunani da shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, akwai sababbin fassarori bayansa, akwai kuma na saurare a waya domin wanda karatu yake ba shi wuya ko idonsa ya raunana. Ka zaɓi lokaci da inda za ka yi tun da dare kafin ka kwanta, ka ajiye littafin a inda hannunka zai fara kaiwa kafin waya. Wanda yake kwana ɗaki ɗaya da iyali yana iya fita tsakar gida kafin a hura wuta, direba yana iya yin nasa a cikin mota kafin ya shiga layi, uwa mai goyo kuma tana iya riƙe aya ɗaya da ka tana juya ta a bakin murhu, kuma kada wani ya ce mata nata bai kai ba. Da dare ka ɗauki 'yan mintoci ka bi ranar daga safe zuwa yamma, ka gode a kan abin da ka karɓa, ka nemi gafara a kan abin da ka ɓata. Ignatiyus na Loyola, malamin Katolika wanda ya rasu a 1556, ya ba wannan binciken kai muhimmanci ƙwarai a koyarwarsa, kuma masu bi na ɗariƙu dabam dabam sun amfana da shi. Ranar da ka fasa, ka ci gaba washegari daga inda ka tsaya, ba tare da ƙoƙarin rama abin da ya wuce ba.

Azumi kuwa ka bar shi sai addu'a da karatu sun zauna. In ka fara, ka fara da barin abinci ɗaya a rana ɗaya ta mako, ka ba da lokacin cin ga addu'a, kuɗin abincin kuma ka ba wanda ba shi da shi, yadda Ishaya ya faɗa. In kana da gyambon ciki ko ciwon suga, ko kana shan maganin da ba a sha sai da abinci, ka tambayi likita kafin ka yi, haka ma mace mai ciki ko mai shayarwa, kuma kada ka yarda wani ya tura ka azumin da ba a shan ruwa na kwanaki da sunan nuna ƙarfin bangaskiya, domin yana iya lalata ƙoda. Wanda jikinsa ba zai ɗauka ba yana iya hana kansa wani abu dabam da ya saba da shi. Ka koma wurin fastonka ka gaya masa ka bari da dalilin da ya sa ka bari, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani dattijo ko ɗan'uwa da za ku riƙa ganawa sau ɗaya a mako, abokin naka ma ka gayyace shi ku karanta Filibiyawa sura 2 tare.